Gobarar Benen Grenfell: Yadda Alhakin Kare Rayuka Ya Ɓace Tsakanin Hannaye Da Yawa

Da ƙarfe 12:54 na daren Laraba, 14 ga Yunin 2017, wani mazaunin gida mai lamba 16 a hawa na huɗu na benen Grenfell, da ke unguwar Kensington ta Arewa a yammacin Landan, ya kira 'yan kwana-kwana ya shaida musu cewa wuta ta tashi a kicin ɗinsa. Firij ne ya kama. Mutumin ya tashi waɗanda suke kwana tare, ya buga wa maƙwabta ƙofa, ya kashe wutar lantarkin gidan, sannan ya fice, kuma daga baya kwamitin bincike ya wanke shi daga kowane irin laifi. Cikin 'yan mintuna motocin farko suka iso, ma'aikata suka hau suka kashe wutar kicin ɗin kamar yadda suka saba kashe irinta. Abin da ba su sani ba shi ne, tun wajen ƙarfe 1:09 wutar ta riga ta bi ta gefen taga ta fita, ta kama fallayen da aka lulluɓe bangon ginin da su daga waje. Kafin ƙarfe 1:30 ta kai ƙololuwar ginin mai hawa 24. Mutum 72 ne suka rasu sanadiyyar wannan gobara, 18 daga cikinsu yara, kuma tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu Birtaniya ba ta ga gobarar gidan zama da ta ci rayuka haka ba.

Gobarar firij ba baƙon abu ba ce a kowane babban birni, kuma an tsara benaye irin wannan ne da sanin cewa wata rana za a yi ta. Saboda haka tambayar da ta cancanci nazari ba ita ce abin da ya tayar da wutar ba, a'a, ita ce yadda aka yi duk matakan kariyar da ya kamata su tsare ta cikin ɗaki guda suka zube a dare ɗaya, da kuma wanda ke da alhakin kowane ɗayansu.

Ginin da tsarin kariyarsa

An kammala gina Grenfell a 1974, da kankare, mallakar ƙaramar hukumar Kensington da Chelsea, wadda ta damƙa kula da gidajenta a hannun wata hukuma ta daban mai lura da harkokin 'yan haya. Matakala ɗaya tak gare shi, a tsakiya, kuma babu na'urorin yayyafa ruwa a cikin gidajen. Wannan bai saɓa wa dokar lokacin ba, domin tun farkon shekarun 1960 kariyar dogayen benaye a Birtaniya ta dogara ne a kan killace wuta. Ana gina kowane gida tamkar akwati, bangonsa da daɓensa da ƙofarsa masu iya riƙe wuta da hayaƙi har masu kashe gobara su zo su gama da ita. A kan wannan ne aka kafa shawarar da ake ba mazauna, wato idan ba a gidanka wutar take ba, kuma hayaƙi bai shigo maka ba, ka rufe ƙofa ka zauna. Shawara ce mai ma'ana muddin akwatin yana nan yadda aka gina shi, tun da tana hana ɗaruruwan mutane cushewa a matakalar da ma'aikata ke hawa da kayan aiki. Amma ranar da akwatin ya fashe, shawarar kan koma tarko, kuma abin da ya faru ke nan.

Kwaskwarimar da aka yi wa ginin, wadda ta ƙare a 2016, ita ta fasa akwatin. An manna wa bangon waje wani irin soso mai riƙe ɗumi, akasarinsa samfurin Celotex RS5000, kaɗan kuma Kingspan K15, sannan aka bar ɗan fili na iska, aka rufe da fallayen Reynobond PE na kamfanin Arconic. Duk wanda ya riƙe guntun wannan falle zai ga ƙarfe ne mai sheƙi, amma idan ya duba bakinsa inda aka yanka, zai tarar siraran alminiyam biyu ne suka sa roba a tsakiya, roba irin wadda ake yin leda da ita. Da zafi ya taɓa shi sai alminiyam ɗin ya buɗe, robar ta narke ta kama ci, tana ɗiga ƙasa tana kunna wata wutar, yayin da filin iskar da ke bayan fallen yake zuƙar harshen wuta sama kamar bututun hayaƙi. Akwai tubalan da ya kamata a sa su datse wannan fili a kewayen tagogi da tsakanin hawa da hawa, sai bincike ya gano wasu babu su, wasu kuma an sa su ba daidai ba. Su kansu tagogin an matso da su waje daga cikin kankaren, aka cike giɓin da ya rage da kayan da ke cin wuta, aka rufe da firam na roba. Ta nan wutar gida mai lamba 16 ta samu hanya. A can sama kuma an yi wa ginin wani kambi na ado da irin fallayen nan, wanda ba ya tsare komai, shi ne ya ɗauki wutar ya zagaya da ita sauran kusurwoyin ginin, daga nan ta riƙa gangarowa.

Da farko fallayen tutiya aka tsara sawa. An sauya zuwa fallen alminiyam mai roba ne domin a rage kimanin fam 293,000 daga aikin da ya tasam ma fam miliyan 10.

Wa ya duba?

Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Sir Martin Moore-Bick, tsohon alƙalin kotun ɗaukaka ƙara. Ya fitar da rahoton farko a ranar 30 ga Oktoban 2019 a kan abin da ya faru a daren, na biyu kuma a ranar 4 ga Satumban 2024 a kan dalilan da suka jawo shi, mai shafi kusan 1,700 da shawarwari 58. Hukuncinsa shi ne, duk mace-macen nan abin da za a iya kauce wa ne.

Dokar gini ta Ingila ba ta da ruɗani a kan asalin abin da take nema, domin ta ce bangon waje ya kasance mai hana wuta yaɗuwa gwargwadon tsawon ginin da amfaninsa. Duk da haka, cikin kamfanoni da ofisoshin da suka sa hannu a aikin ba a samu ko ɗaya da ya zauna ya tambayi kansa ko waɗannan kaya sun cika wannan sharaɗi ba. Kamfanin zanen gini, Studio E, bai taɓa yin aikin lulluɓe dogon bene ba, kuma an ba shi aikin ba tare da gasar neman kwangila ba. Ya ɗauka cewa ƙaramin ɗan kwangilar da ya ƙware a fallaye, wato Harley, shi zai tabbatar da ingancin kayan. Harley ya dogara da takardun masu sayarwa, yana kuma ganin cewa idan da matsala masu zane ko jami'an duba gini za su faɗa. Babban ɗan kwangila, Rydon, ya ɗauki kansa a matsayin mai haɗa ma'aikata kawai, bai ɗauki ƙwararren injiniyan gobara ba. Kamfanin Exova, wanda aka nema tun farko ya rubuta tsarin kariyar gobara, ya rubuta cewa yana ganin gyaran ba zai ƙara haɗarin yaɗuwar wuta ta waje ba, amma za a tabbatar da hakan a rahoto na gaba. Wannan tabbatarwa ba ta taɓa zuwa ba, kuma babu wanda ya bi sawunta. Jami'in ƙaramar hukuma da ke duba ko gini ya bi doka, wanda kowa ya jingina da shi, aiki ya yi masa yawa, yana riƙe da ayyuka sama da ɗari a lokaci guda, kuma ba shi da horo a kan irin wannan falle. A watan Yulin 2016 ofishinsa ya ba da takardar kammala aiki.

A nan, a ganina, darasin lamarin ya fi nauyi. Ba rashin masu alhaki ne ya kashe mutanen Grenfell ba, yawansu ne ba tare da an fayyace iyakar kowa ba. Kowace takarda da ta ratsa ofis biyar ta fito da sa hannu biyar, mai kallo daga nesa sai ya zaci an duba ta sau biyar, alhali kowane mai sa hannu ya sa ne bisa zaton na gabansa ko na bayansa ya duba. Lokacin sauraron shaidu ma haka aka yi ta gani, kowa na tura wa ɗan'uwansa laifi.

Sai dai ba komai ba ne sakaci. Rahoton ya ce masu ƙera kayan sun yi rashin gaskiya da gangan, kuma na tsawon lokaci. Tun 2005 Arconic yana da sakamakon gwajin da ya nuna cewa fallen nan, idan aka lanƙwasa shi aka rataya kamar yadda aka yi a Grenfell, yana ci fiye da kima, amma bai sanar da kasuwa ba. A 2014 Celotex ya ci gwajin gobara ne bayan an cusa wasu alluna marasa cin wuta cikin bangon gwajin, aka kuma ɓoye hakan a bayanan talla. Kingspan ya ci gaba da sayar da K15 da sakamakon gwajin 2005 duk da cewa ya sauya yadda yake haɗa shi, kuma sabon ya faɗi gwaji mummunar faɗuwa a 2007. Kamfanonin sun musanta wasu daga cikin waɗannan hukunce-hukunce, amma takardunsu na cikin gida ne aka karanta a gaban kwamitin. Hukumomin da ke gwaji da ba da shaidar inganci, ciki har da cibiyar binciken gine-gine da gwamnati ta sayar wa 'yan kasuwa a 1997, an same su da sassauci ga kamfanonin da ke biyan su kuɗin gwajin.

Ita ma gwamnati ba za ta ce ba a gargaɗe ta ba. An yi gobarar da ta bi fallayen bango a benen Knowsley Heights a 1991, an yi a benen Garnock Court da ke Sikotilan a 1999. A 2001 wani babban gwaji da gwamnati ta ɗauki nauyinsa ya nuna yadda fallen alminiyam mai roba ke ci, ba a bayyana sakamakon ba. A 2009 mutum shida suka mutu a gobarar benen Lakanal House da ke kudancin Landan, wasunsu suna zaune a gida bisa shawarar da aka ba su ta waya, kuma a 2013 mai binciken musabbabin mutuwarsu ta nemi a sake duba ƙa'idojin gini. Aka yi ta jan ƙafa, a zamanin da manufar gwamnati ita ce rage dokokin da ake cewa suna takura wa 'yan kasuwa, har Grenfell ya ƙone ba a yi gyaran ba.

Ƙofar da ba ta rufe kanta

Fallaye ne suka kai wuta kowane hawa, amma hayaƙi ne ya hana mutane fita, kuma labarin hayaƙin labarin ƙofofi ne. Ƙofar kowane gida a irin wannan bene ana so ta riƙe wuta da hayaƙi na minti 30, kuma a jikinta akwai wani ɗan ƙarfe da ke mayar da ita ta rufe da kanta da zarar an sake ta. Dalilinsa a fili yake. Mutumin da wuta ta fasa tagar kicin ɗinsa da tsakar dare, ya saɓi yaro a kafaɗa yana jan wani da hannu, ba zai tsaya jawo ƙofa ba. A Grenfell wutar ta fara hawa ne ta layin gidajen da ke saman mai lamba 16, mazauna suka yi ta ficewa a guje, kuma a hawa da yawa ƙofofin suka tsaya a buɗe, domin a fiye da rabin gidajen ɗan ƙarfen nan ya lalace ko an cire shi. Baƙin hayaƙi mai guba ya cika farfajiyar da ke tsakanin gidajen da matakala, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Maƙwabcin da ya buɗe tasa ƙofar ya ga haka, sai ya koma ciki. Daga baya da 'yan sanda suka gwada ɗaya daga cikin ƙofofin da wuta ba ta taɓa ba, minti 15 kacal ta riƙe. Na'urar fitar da hayaƙi kuwa an tsara ta ne don gobarar hawa ɗaya, ba ta hawa ashirin ba.

Wannan ɓangare yana wuyan hukumar da ke kula da ginin, wadda dokar kariyar gobara ta 2005 ta ɗora wa nauyin tantance haɗari da gyara shi. Mutum ɗaya ta ɗauka yana yi mata wannan tantancewa a dukkan gidajenta, kuma kwamitin ya ce bai cancanci aikin ba. Gyare-gyaren da aka gano suna nan jibge ba a yi ba. A Nuwamban 2016 hukumar kashe gobara ta Landan ta aiko da takardar gargaɗi a kan ƙofofin Grenfell, kuma a watan nan ne wasu mazauna suka fito fili suka ce sai an yi mummunan bala'i kafin a saurare su. An ɗauke su masu neman fitina, aka yi kunnen uwar shegu da su. Mafi muni, hukumar ba ta da cikakken jerin mazaunan da ba za su iya sauka da ƙafarsu ba, balle wani shiri na fitar da su, a ginin da ba a amfani da lif idan wuta ta tashi. Cikin mazauna 37 masu naƙasa, 15 sun mutu.

Daren, daga ɓangaren masu ceto

Babu mai shakkar jarumtar ma'aikatan da suka yi ta hawa cikin hayaƙi, wasu har suna cire abin numfashinsu su sa wa waɗanda suka ɗauko. Abin da rahoton ya soka shi ne shugabanci da shiri. Ba a horar da kwamandoji gane gobarar fallaye ba, kuma ba a taɓa koya musu yadda ake janye shawarar zama a gida a kwashe dogon bene gaba ɗaya ba, duk da abin da aka gani a Lakanal House. Mutum 297 ne a ginin a daren. Zuwa ƙarfe 1:31 mutum 110 sun fita, zuwa 1:50 sun kai 168, akasarinsu bisa raɗin kansu. Lokacin azumin Ramadan ne, kuma wasu mazauna Musulmi da ba su kwanta ba suna cikin waɗanda suka fara ganin wutar suka tashi maƙwabta. Kwamitin ya ce tsakanin 1:30 da 1:50 ya kamata a ba da umarnin kowa ya fita, lokacin matakala tana biyuwa. Ba a janye shawarar a wurin gobarar ba sai ƙarfe 2:47.

A tsawon wannan sa'a masu amsa waya, waɗanda ba sa ganin ginin, suna ta gaya wa mutane su toshe ƙasan ƙofa su jira, masu ceto na tafe. Kira ya yi musu yawa, saƙonni suna isa ga ma'aikata a guntayen takardu, rediyon hannu ba ya aiki sosai cikin kankare. Makullin da zai ba ma'aikata iko da lif bai yi aiki ba. Hatta lambobin hawa sun rikita su, domin an sauya lissafin hawa lokacin kwaskwarima ba a rubuta shi yadda za a gani a matakala ba. Ko da an yanke shawarar kwashe mutane da wuri, ginin ba shi da ƙararrawa ta bai ɗaya da za ta sanar da kowa. Mutane da dama sun gudu sama maimakon ƙasa, suka taru a hawa na ƙarshe, kuma a can aka samu gawawwaki masu yawa. An fito da mutum na ƙarshe da rai jim kaɗan bayan ƙarfe 8 na safe.

Abin da aka sauya

Gyaran da ya biyo baya ya nufi giɓin alhakin nan kai tsaye. Bayan nazarin dokokin gini da gwamnati ta sa injiniya Dame Judith Hackitt ta yi, wanda ya fito a 2018, an haramta kayan da ke cin wuta a bangon sababbin gidajen zama da suka kai mita 18, sannan a 2020 aka sauko da tsawon da ke wajabta na'urorin yayyafa ruwa daga mita 30 zuwa 11. Dokar 2021 ta fayyace cewa bangon waje da ƙofofin gidaje suna cikin abin da mai kula da gini zai tantance, abin da a da ake gardama a kai. Dokar tsaron gine-gine ta 2022 ta kafa hukumar sa ido ta musamman, ta kuma wajabta cewa duk benen zama mai mita 18 ko hawa bakwai ya kasance da sanannen mai alhaki, mutum ko kamfani, wanda sunansa ke rubuce, wanda zai adana bayanan ginin tun daga zane har zuwa kowane gyara, kuma wanda za a iya gurfanarwa. Tun Janairun 2023, a benayen da suka wuce mita 11 ana duba ƙofofin gobara na wuraren da kowa ke bi duk wata uku, na gidaje kuma sau ɗaya a shekara. A masu mita 18 ko hawa bakwai ana gwada lif na masu kashe gobara kowane wata, ana ba hukumar kashe gobara taswirar ginin, ana kuma rubuta lambar hawa yadda za a gan ta cikin hayaƙi. An kuma sanar da wajabta matakala ta biyu a sababbin benaye masu mita 18.

Ba duka aka karɓa cikin sauƙi ba. Shawarar yi wa kowane mai naƙasa shirin fita na kansa tana cikin rahoton 2019, amma a 2022 gwamnati ta ƙi ta bisa hujjar tsada da wuyar aiwatarwa, abin da ya ƙona ran iyalan mamatan ƙwarai, sai a 2024 aka dawo da maganar. A ranar da rahoton ƙarshe ya fito Firaminista Keir Starmer ya nemi gafara a madadin ƙasa. Wata huɗu kafin nan 'yan sandan Landan sun ce suna binciken mutum 58 da kamfanoni da hukumomi 19, kuma ba a sa ran yanke shawarar gurfanar da kowa kafin ƙarshen 2026. A Fabrairun 2025 gwamnati ta sanar cewa za a rushe abin da ya rage na ginin, lamarin da ya raba kan waɗanda suka tsira da dangin waɗanda suka rasu.

Fallayen kuwa suna nan a jikin wasu gine-ginen. Ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya ƙiyasta a Nuwamban 2024 cewa benaye tsakanin 9,000 da 12,000 a Ingila ne ke buƙatar a gyara bangonsu, kuma da yawa ba a ma gano su ba tukuna. A wasu an shafe shekaru ana biyan masu gadi su yi ta zagaya hawa-hawa dare da rana, aikinsu kawai su tashi mutane idan sun ga hayaƙi, yayin da masu ginin da 'yan kwangila da masu gidajen ke jayayya a kan wanda zai biya kuɗin cire fallayen. Wa'adin da gwamnati ta sa wa benaye masu mita 18 da ke cikin shirinta na tallafi shi ne ƙarshen 2029, shekara goma sha biyu bayan daren da firij ya kama a gida mai lamba 16.